Kafin Ki Ƙara Dunƙule: Yadda Ake Ɗanɗana Miya

Shekara biyu da aurena aka tashi bikin ƙanwar maigidana, a ƙauyenmu da ke tsakanin Ringim da Gujungu, sai aka damƙa mini tukunyar taushe. Irin tukunyar nan ta biki, wadda sai mata biyu ke sauke ta daga murhu. Lokacin hunturu ne, kwanana uku ina fama da mura, amma kunya ta hana ni faɗa, kada dangin miji su ce sun auro raguwa. Kabewa ta narke, na zuba gyaɗa, na zuba yakuwa da alayyahu, na ɗiga a tafin hannu na lasa. Salam. Na ƙara gishiri, na sake lasa. Salam. Na murmushe dunƙule na zuba, na ƙara, na kuma ƙarawa, har na daina ƙirgawa.

Da aka kai wa maza zaure, kwanuka suka dawo an yagi tuwo gefe-gefe, miya tana kwance kamar ba a taɓa ta ba. Gwaggon maigidana ta lakata da ɗan yatsa ta kai baki, ta runtse ido.

"Ke 'yar nan, Bilma kika kwaso mana gaba ɗaya?"

Na ce, "Wallahi Gwaggo, ni salam na ji ta."

Da ta ji yadda muryata ke fita ta hanci sai ta saki fuska. "Au, mura kike? To ai da kin faɗa. Mai mura ba ta ɗanɗana miyar taro."

Daga baya na yi karatun koyarwa a Gumel, yanzu ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma har yau ba a biki a dangi ba a kira ni gindin murhu ba. Tsakanin allo da tukunya na gane abin da Gwaggo ta sani ba tare da littafi ba: harshe ba sikeli ba ne. Yana gajiya, ana ruɗa shi, kuma da yawa daga aikin da muke yaba masa, hanci ne ke yi. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan wata ɗabi'a ce da nake gani a wurin 'yan matanmu. Miya ta ƙi daɗi, a ƙara dunƙule. Ta sake ƙi, a barbaɗa farin magi. Ciwo daban, magani daban.

Fara da duba harshenki

Ki ɗauki madubi ki fita tsakar gida inda haske yake, ki zaro harshe. Za ki ga ba sumul yake ba, cike yake da 'yan tudu-tudu. Mafi yawansu, waɗannan farare-fararen masu kaushi, ba sa jin ɗanɗano, aikinsu riƙe abinci. A tsakaninsu akwai wasu ja-ja masu zagayayyen kai, sun fi yawa a tsinin harshe da gefensa. Can baya kusa da maƙogwaro kuma akwai wasu manya, kamar guda 8 zuwa 12, sun yi jeri mai kusurwa. Na sha ganin mace ta hango su ta tsorata, ta zaci ƙuraje ne suka fito mata. Halitta ce, kowa yana da su.

A jikin waɗannan ne ake samun ainihin masu aikin, waɗanda ido ba ya gani. A aji 'yan tuluna nake ce musu, don siffarsu ke nan: ciki da faɗi, baki tsukakke. Mutum yana da su daga 2,000 zuwa 10,000, har da wasu a hanɗa da maƙogwaro, kowane tulu kuma yana ɗauke da ƙwayoyin halitta 50 zuwa 100. Abinci sai ya narke a yawu, ya shiga ta bakin tulun, ƙwayoyin su taɓa shi, jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ba sa daɗewa, cikin kwana 10 zuwa 14 wasu sababbi ke maye gurbinsu. Shi ya sa idan kunu ya ƙona miki harshe, bayan 'yan kwanaki sai ki ji ya dawo daidai.

Maganar yawu ba wasa ba ce. Ki goge harshenki da tsumma mai tsabta har ya bushe, ki ɗora ƙwayar sukari a kai. Shiru za ki ji, kamar yashi, sai yawu ya taru sannan zaƙi ya zo. Macen da ta wuni gaban wuta a watan bazara, bakinta a bushe, ba ta da harshen yanke wa miya hukunci sai ta kurɓi ruwa.

Abin da 'yan tulunan nan ke iya tantancewa iri biyar ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da na biyar wanda zan daɗe a kansa nan gaba. Mu Hausawa kalmominmu sun fi biyar. Muna da bauri, muna da yaji, muna da maƙaƙi, muna da garɗi. Duk gaskiya ne ana jin su, amma ba ta ƙofa ɗaya suke shiga ba. Baurin ɗanyar kanya ko na shayin da ya daɗe a wuta, wani sinadari ne da ake kira tanin yake kama yawu ya ɗauke masa santsi, sai baki ya ji ya tattare. Taɓawa ce. Yaji kuwa zafi ne tsagwaronsa, shi ya sa ido ma yana jin sa, hannun da ya yi jajjage ma yana jin sa, alhali ba wanda ya taɓa jin zaƙi da hannu.

Akwai wani zane da na tarar a tsofaffin littattafan makaranta, an yanka harshe gida-gida: zaƙi a tsini, ɗaci a baya, tsami a gefe. Ni ma na haddace shi, na ci jarrabawa da shi. Ba daidai ba ne. Asalinsa wani bincike ne da wani Bajamushe mai suna Hänig ya yi a 1901, ya ga ɗan bambanci kaɗan tsakanin sassan harshe. Da wani malamin jami'ar Harvard, Edwin Boring, ya sake zana sakamakon a 1942, sai ɗan bambancin ya fito kamar katanga. Ƙarin gishiri ke nan, irin na masu ba da labari. Ki jiƙa tsinken ashana a ruwan gishiri ki ɗiga a tsinin harshenki, inda aka ce zaƙi kaɗai ke zaune. Za ki ji gishiri sarai. Duk inda tulu yake, biyar ɗin nan yana jin su.

Hancin da ke cikin baki

Wannan gwajin da zoɓo nake yi wa ɗalibaina, wanda ya sha kanumfari da ɓawon abarba. Ki toshe hanci da yatsu biyu sosai, ki kurɓa, ki juya shi a baki. Tsami da zaƙi kawai za ki ji, kamar ruwan tsamiya da sukari. Kafin ki haɗiye ki saki hancin. Nan take kanumfari zai faɗo, abarba ta biyo baya. Yara har ihu suke yi.

Dalili shi ne bayan baki da hanci a haɗe suke. Idan kina tauna, tururin abinci yana hawa ta wannan hanya ta baya zuwa saman kogon hanci, inda masu jin ƙamshi suke. Su kuma ba iri biyar ba ne, kusan iri 400 ne. Linda Buck da Richard Axel na Amurka su suka gano danginsu a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. To ki kwatanta biyar da 400. Abin da ke raba miyar kuka da ta zogale, ko man shanu da man gyaɗa, ko garɗin gyaɗar da aka soya da ɗanyarta, akasarinsa ƙamshi ne, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa shi da na harshe ta ce miki a baki kika ji. Waɗanda korona ta kama a 2020 da yawa sun ce sun daina jin ɗanɗano, alhali mafi yawan abin da ya tafi jin ƙamshi ne.

Abin da ya same ni ranar bikin ke nan. Harshena ya ji gishirin tun farko. Ƙamshin daddawa da na gyaɗa ne mura ta tare, ni kuma da na ji wani abu ya ɓace sai na ɗora wa gishiri laifi, na yi ta lasa ina ƙarawa har harshen ya saba ya yi shiru.

Yadda nake ɗanɗana tukunya yanzu

Tun kafin in ɗora sanwa nake kiyaye bakina. Ba na cin goro, don bayan ɗacinsa ko ruwan randa zaƙi yake yi, balle miya. Ba na shan shayi mai sukari. Idan na wanke baki da man goge haƙori, sai na ba shi lokaci, domin sinadarin da ke sa shi kumfa yana danne zaƙi ya fito da ɗaci. Duk wadda ta taɓa shan lemon zaƙi bayan buroshi ta san abin da nake nufi.

Idan lokacin ɗanɗanawa ya yi, sai in juya miyar tun daga gindin tukunya, don mai yana sama, kauri yana ƙasa, abin da ludayi ya ɗebo a fuska ba shi ne miyar ba. Ɗigawa a tafin hannu da muka gada tana da hikimarta, tana hucar da miya da sauri. Amma hannun mai girki yana da gumi, gumi kuwa gishiri ne, ga warin albasa, ga na sabulu, kuma ɗigo ɗaya ba ya isa ya zagaya baki. Na koma zubawa a ɗan ƙaramin kwano. In bar ta ta huce zuwa yadda za a ci ta, in ɗebi cokali guda, in juya a baki, in fitar da numfashi ta hanci. Cokalin da ya shiga bakina ba ya komawa tukunya.

Hucewar nan tana da muhimmanci fiye da gudun ƙuna. Zaƙi ya fi fitowa a abu mai ɗumi, sanyi yana danne shi. Masu sayar da zoɓon ƙanƙara sun sani: wanda ya yi daidai yana daskare, idan ya narke a hannun yaro sai ya zama kamar zuma. Kowane abu a ɗanɗana shi a yanayin da za a sha shi.

Sannan da tuwo nake ɗanɗanawa. Ba wanda zai sha miyar nan da cokali, da lomar tuwon dawa ko na masara za ta shiga, tuwo kuwa ba gishiri. Miyar da ta yi cif ita kaɗai za ta yi ƙasa a kan tuwo, saboda haka nakan gutsuri ɗan tuwo ko da na jiya ne in dangwala. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa kuma sai an kaɗa sannan a yanke hukunci, don kauri da yauƙi suna riƙe ɗanɗano, ruwan miyar da ya ji gishiri kafin kaɗi yakan lafa bayansa. Ta ɗaya ɓangaren, miyar da za ta ƙara rabin awa a wuta ruwanta zai ragu, gishirinta ba zai ragu ba. Gishirin ƙarshe dab da saukewa ake sa shi. Wadda za a yi ɗumame da ita da safe ma a bar mata wuri.

Babbar doka: kada ki wuce lasa uku a jere. Harshe yana sabawa da abin da ya daɗe a kansa, kamar yadda idan kika shiga ɗakin da aka yi turaren wuta, bayan ɗan lokaci sai ki daina jin sa. Lasa ta huɗu ƙarya za ta faɗa miki, kullum kuma ƙaryar iri ɗaya ce: bai ji ba, ƙara. Ki kurkure baki da ruwa, ki fita daga hayaƙin murhu ki sha iska, ki dawo. Idan miyar taro ce ki kira wadda ba ta tsaya a kan tukunyar ba. Ba gazawa ba ce.

Idan ta yi lami

Nan ne ake ɓarna. Kada ki gyara a tukunya, ki gyara a kwano. Ki zuba ludayi ɗai-ɗai a ƙananan kwanuka uku. Na farko ki sa masa ɗan gishiri da bakin yatsu. Na biyu ɗan garin daddawa ko dakakken busasshen kifi. Na uku ɗigo biyu na ruwan tsamiya ko lemon tsami. Ki ɗanɗana kowanne, kina kurkure baki a tsakani. Ɗaya daga ciki zai farka, shi ne amsar. Abin da zai ba ki mamaki shi ne yawan lokutan da kwano na uku ke cinyewa, musamman a miya mai gyaɗa ko mai maiƙo, wadda ta yi nauyi ta kwanta. Idan kuwa duka ukun ba su motsa ba, to ƙamshi ne babu: albasa ba ta soyu ba, ko kayan ƙamshin sun kwana biyu a gwangwani, ko man shanu take nema.

Kwano na biyu shi ne ɗanɗano na biyar. A 1908 wani masanin sinadarai a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tsaya a kan romon da suke yi da wani ganyen teku, ya ce akwai wani daɗi a ciki wanda ba zaƙi ba, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba gishiri ba. Ya tace ya tace har ya ware abin, wani sinadari mai suna gulutamet, ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. Shekara guda bayan nan, a 1909, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Farin magin da ke cikin 'yar leda a teburin mai kayan miya ke nan. Turawa sun daɗe suna musun cewa ɗanɗano ne mai zaman kansa, sai wajen shekara ta 2000 da aka gano masu karɓarsa a harshe.

Ranar da na fara karanta wannan dariya na yi, don mahaifiyata daddawa take yi. Na tashi ina ganin ana dafa kalwa wuni guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta a lulluɓe kwana biyu zuwa uku har gidan ya ɗauki warin da maƙwabta ke sanin an yi, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. A kwanakin nan na rufi, wasu ƙananan halittu ne ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwa, su saki gulutamet. Abin da Bajapane ya tace a ɗakin bincike, shi Inna take mulmulawa a faifai. Haka daddawar batso, haka ta waken suya. Yana cikin tumatirin da ya nuna, ya fi yawa a busasshe, yana ma cikin nonon uwa, saboda haka da shi aka shayar da mu duka.

Ga wani sirri da ya kamata kowace mai girki ta riƙe. Nama da kifi, musamman busasshen kifi, suna da wani sinadarin na daban, wanda idan ya haɗu da gulutamet a harshe ba tarawa suke yi ba, ninkawa suke yi. Daddawa ita kaɗai da daɗi, kifi shi kaɗai da daɗi, amma ƙullin daddawa ɗaya da ɗan gutsuren bandar Haɗejiya a miyar kuka sun fi ƙarfin abin da kowannensu zai yi sau da yawa. Ko kan kifi ne da ƙaya, ki daka ki tankaɗe ki ajiye a kwalba. Da wannan sai ki ga dunƙulen da kike sa huɗu ya koma ɗaya.

Ba na cikin masu cewa farin magi guba ne. Gulutamet ɗin da ke cikinsa shi ne na cikin daddawa, harshe ba ya bambance su. Rigimata da shi biyu ce. Ba shi da ƙamshi, saboda haka miyar kowa ta koma iri ɗaya, ki ci a gidan suna a Taura ki ci a Ɓaɓura ba ki san hannun wa ba ne. Na biyu, dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Mace za ta sa dunƙule biyar, ta kawo gishiri ta ƙara, ta ce ai ɗan kaɗan ta sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma da na cikin dunƙule ake lissafi. Ga hawan jini ya cika gidajenmu. Daɗin abin shi ne harshe yana koyo. Idan aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ba tare da sanarwa ba, cikin wata biyu zuwa uku mutanen gida za su saba, har su je wani gida su dawo suna cewa miyar ta yi zartsi. Na yi wa maigidana haka, bai sani ba sai da na faɗa masa.

Idan wani abu ya yi yawa

Gishiri idan ya zarce, magani ɗaya ne na gaskiya: a ƙara yawan miyar. Ruwa, kabewa, ganye, markaɗen da ba gishiri, gyaɗa. Maganar a jefa dankali ya tsotse gishiri, na gwada ba sau ɗaya ba. Dankalin yana shan ruwan miya ne da gishirinsa tare, abin da ya rage a tukunya yana nan yadda yake. Ɗan tsami yana iya rufe shi kaɗan, amma rufewa ce.

Tsamin yakuwa ko na tumatir hanya biyu gare shi, kuma ba ɗaya ba ne. Sukari yana ɓoye tsami, kanwa tana kashe shi. Kumfar nan da ke tasowa idan kika ɗiga ruwan kanwa, shaidar cewa su biyun sun ci juna ke nan. Sai dai kanwa ba ta da wasa, ko ungurnu ce ko ja. A jiƙa ta, a ɗiga ruwan da cokali, a juya, a jira, a ɗanɗana. Idan ta zarce miya ta yi duhu, ta ɗauki ɗanɗanon sabulu, ta kuma taɓa cikin mutane. Yakuwa mai tsananin tsami gara a tafasa ta daban a zubar da ruwan farko.

Ɗaci abokin gabansa gishiri ne, ba sukari ba. Gishiri yana danne ɗaci tun a kan harshe, shi ya sa gauta da ɗata suke shiga da ƙuli mai gishiri, shi ya sa ake murza shuwaka da gishiri kafin a wanke. Idan ɗaci ya kwanta, zaƙin da ke ɓoye sai ya fito, don haka ɗan gishiri da bakin yatsu a kunun gyaɗa yana sa a rage sukari. Amma ɗacin ƙauri ba ya gyaruwa. Da kin ji ta kama, ki juye ta sama a wata tukunya, kada ludayi ya kankari gindi.

Yaji kuma, mun ce zafi ne. Sinadarin da ke cikin barkono da attaruhu yana taɓa wata jijiya wadda aikinta ta yi ƙara idan abu ya kai zafin digiri 43, wato inda fata ke fara ƙuna. Wani masani a Amurka, David Julius, ya gano wannan a 1997, ya sami Nobel a 2021. Baki yana zaton wuta ce, shi ya sa gumi ke karyowa. Sinadarin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, saboda haka yaron da yaji ya kama kada a ɗura masa ruwa, a ba shi nono ko madara. A tukunya kuma gyaɗa ko man shanu ke kwantar da shi. Idan kina son ƙamshin attaruhu ba zafinsa ba, ki tsaga ki cire farin naman nan na ciki da 'ya'yan ke manne da shi, a nan ƙarfin yake. Tsuntsaye ba sa jin sa ko kaɗan, abin da ya sa kaji ke tsattsagar shanyar barkono hankali kwance. Kyanwa ita kuma zaƙi ne ba ta ji, kifin take bi.

Bakin kowa da nasa

A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, yana zuba wani farin gari sai ya tashi a iska. Abokin aikinsa ya yi ta ƙorafin ɗaci, shi kuwa Fox, da ya fi kusa da garin, bai ji komai ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar gado ne: masu karɓar ɗaci a harshen ɗan Adam kusan iri 25 ne, kuma ba kowa ya gaji iri ɗaya ba. Saboda haka idan facalarki ta ce miyar shuwakarki da ɗaci, ke kuma ba ki ji ba, mai yiwuwa ba neman magana take ba. Mai yiwuwa, na ce.

Yara sun fi manya gudun ɗaci da son zaƙi, haka aka halicce su, don a daji abu mai ɗaci sau da yawa guba ne. Yaron da ya tofar da zogale yau kada a ce ba ya ci. A sake ba shi jibi, ɗan kaɗan, ba duka ba tsawa. Sau da yawa sai an ba shi sau 8 ko 10 kafin baki ya karɓa. Abin da uwa ke ci kuma ƙamshinsa yana ratsawa cikin nono, yaron ya san daddawar gidansu tun bai yi haƙori ba.

Tsofaffi jin ƙamshinsu ne ke raguwa, sai su yi ta cewa a miƙo gishiri, su da aka hana. A ƙara musu abin da hanci zai kama: soyayyar albasa, citta, masoro, kimba, man shanu da aka soya aka zuba a kwanonsu yana zafi. Mai zazzaɓin cizon sauro bakinsa ɗaci yake, mai shan Flagyl yana jin kamar ya tsotsi ƙarfe, mai laulayi ƙarnin kifin da take so jiya yau shi ke tayar mata da zuciya. Duk waɗannan abu mai ɗan tsami kuma marar zafi ya fi shigar musu, irin kunun tsamiya da ya huce. Ɗaya daga jijiyoyin ɗanɗano ta cikin kunne ta ratsa, don haka ciwon kunne mai ruwa ma yakan taɓa shi. Wanda ya yi makonni ba ya jin ɗanɗano ko ƙamshi, ba mura ba komai, ya je asibiti a duba shi.

Saura azumi. A littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, ɗanɗana gishirin abinci ga mai azumi makaruhi ne ko da zai tofar, ni kuma ko ba don haka ba, busasshen bakin la'asar ba abin dogaro ba ne. Tun watan Sha'aban nake shiri. Ina da murfin kwalba guda da na ware, in auna da shi in ga nawa tukunyar gidana ke ci idan ruwa ya kai wuyanta, in riƙe adadin. Da azumi ya kama sai awo ya maye gurbin harshe, kuma nakan tsaya ƙasa da awon kaɗan. Idan akwai yaron da bai fara azumi ba nakan ba shi ya lasa, amma ba na tambayarsa ko ta yi daɗi, don yaro mai jin yunwa komai daɗi ne a wurinsa. Kwano biyu nake ba shi, ɗaya na ƙara masa gishiri, in ce wanne ya fi. Sauran gyara sai an sha ruwa: in ci dabino, in kurkure baki, in jira kunu ya sauka, sannan in koma kan tukunya kafin a zuba wa masu dawowa daga masallaci.